Stanley Matthews (1915-2000), sarkin ƙwallo, da kayan da ya bari

Cikin watan Nuwamba na shekara ta 2014 an yi wani gwanjo a birnin Landan na ƙasar Ingila, inda aka sayar da wata ƴar lambar zinariya wadda ba ta cika tafin hannu ba a kan fam dubu 220, wato kimanin miliyan 180 na kuɗinmu na CFA. In da maƙeri aka kai wa ita ya ɗora bisa ma'auni, da zinariyar da ke jikinta ba ta kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Abin da aka saya shi ne sunan mai ita da kuma ranar da ya same ta. Mai ita shi ne Stanley Matthews, ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Ingila, mutum na farko da jaridar France Football ta ba Ballon d'Or, wanda kuma mutanen Gana suka naɗa sarkin ƙwallo a birnin Akara. Ga tarihinsa.

An haife shi ran 1 ga watan Fabrairu na 1915 a unguwar Hanley ta garin Stoke-on-Trent, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane da tangaran. Shi ne na uku cikin ƴaƴa maza huɗu. Ubansa, Jack Matthews, wanzami ne, kuma ɗan dambe. A ƙasar Hausa mun saba ganin dambe a hannun mahauta, can kuwa ga shi a hannun mai aska. Uban ya so ɗansa ya gaji dambe, yaro ya ƙi, zuciyarsa tana wajen tamaula. Amma ya gaji abin da ya fi damben amfani, wato horon jiki: tashi tun da asuba, motsa gaɓoɓi, tafiya mai nisa a ƙasa, da nisantar duk abin da ke raunana mutum.

Ranar da ya cika shekara 15 ƙungiyar Stoke City ta ɗauke shi yaron ofis, tana ba shi fam ɗaya a mako. Da ya kai 17, a shekara ta 1932, ya sa hannu ya zama ɗan wasan sana'a. Shekara biyu bayan haka, cikin Satumba na 1934, aka kira shi ƙungiyar ƙasa, suka ci Wales 4 da 0, shi ma ya jefa ɗaya.

Wurinsa a fili gefen dama ne, can bakin layi. Dabararsa kuwa kowa ya san ta, amma sanin bai hana ta ci ba. Sai ya taho da ƙwallo sannu-sannu har gaban mai tsaron baya, kamar mai kawo masa kyauta, ya karkata jiki hagu, da abokin karawa ya bi shi sai ya fizge dama da gefen ƙafa, kafin wancan ya juyo ya riga ya ba shi taki biyu ko uku. Daga nan ya ɗaga kai ya aika ƙwallo daidai goshin mai ci. Shi bai damu da yawan jefawa a raga da kansa ba. Cikin wasa 54 da ya yi wa Ingila sau 11 kaɗai ya ci, aikinsa shi ne dafa wa wasu. A farkon 1938, da ya sami saɓani da shugabannin Stoke ya nemi a sallame shi, mutum wajen dubu uku suka taru a babban zauren garin suna roƙon kada a bar shi ya tafi, har masu masana'antu suna kukan cewa zancen ya hana ma'aikatansu aiki. Ya zauna. Cikin Mayu na wannan shekara yana cikin ƴan wasan Ingila da suka ci Jamus 6 da 3 a Balin, ranar da manyansu suka umurce su da su ɗaga hannu irin gaisuwar ƴan Hitila. Hoton wannan gaisuwa yana nan, kuma ba ya cikin hotunan da Ingila ke alfahari da su.

A waɗannan shekaru ne fuskarsa ta soma shiga gidajen mutane ta wata hanya da ya kamata a bayyana. Kamfanonin taba na Ingila, irin su Wills da Churchman, sukan sa ɗan kati mai kauri cikin kowane kwalin sigari don kada karan taba ya karye. Sai suka ga ai katin nan zai iya zama talla, suka riƙa buga hoton ɗan wasa a gaba, taƙaitaccen labarinsa a baya. Jeri ɗaya yakan kai kati 50, ana kuma sayar da ɗan littafi da ake liƙa su ciki. Yara sukan tsaya ƙofar kanti suna roƙon manya katin, su yi musaya tsakaninsu, mai biyu iri ɗaya ya ba da ɗaya ya karɓi wanda ya rasa. A zamanin da babu talabijin, yaron da ke nesa da Stoke ta wannan kati ya san kamannin Matthews. Ƙarancin takarda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da wannan al'ada a 1940, sai daga baya kamfanin Panini na garin Modena a Italiya ya farfaɗo da irinta da hotunan liƙawa, tun daga 1961. Abin mamaki, shi Matthews bai taɓa shan taba ba, ko da yake cikin shekarun 1950 ya yarda an sa hotonsa a tallar sigarin Craven A. Wannan kam ba abin yabo ba ne, amma in aka dubi albashin ƴan wasan lokacin za a gane dalili.

Yaƙi ya cinye masa shekara shida na ƙuruciya, daga yana ɗan 24 har ya kai 30. Ya yi su cikin sojan sama a kusa da Blackpool, wani gari na bakin teku. A 1945 ubansa ya rasu, kuma kamar yadda shi da kansa ya ba da labari cikin littafin rayuwarsa, tsohon ya bar masa wasiyya biyu: ya riƙe mahaifiyarsa, ya kuma ciwo lambar Kofin Ingila, wanda suke kira FA Cup. A Mayu na 1947 Stoke ta sayar da shi ga ƙungiyar Blackpool a kan fam 11.500. Yana da shekara 32, mutane da yawa suna ganin saura shekara biyu ko uku ya ajiye takalmi.

Sau biyu ya kai wasan ƙarshe na kofin a filin Wembley, sau biyu ya komo hannu wofi. A 1948 Manchester United ta ci su 4 da 2, a 1951 Newcastle ta ci su 2 da 0. Na uku ya zo ran 2 ga Mayu na 1953, yana da shekara 38, kowa kuwa ya san in wannan ta wuce ba wata.

Mutum dubu 100 suka cika filin. Saura wata ɗaya a naɗa Sarauniya Elizabet ta Biyu, iyalai da yawa sun sayi talabijin don kallon naɗin, saboda haka miliyoyin mutane suka ga wasan daga gida. Abokan karawa su ne Bolton. Ba a yi minti biyu ba Nat Lofthouse ya ci Blackpool. Stan Mortensen ya rama, Bolton ta ƙara, aka tafi hutu 2 da 1. A minti na 55 Eric Bell, wanda ke ɗingishi saboda rauni, ya sa kai ya jefa na uku. A lokacin doka ba ta yarda a canza ɗan wasa ba, wanda ya ji ciwo sai dai ya lallaɓa ko ya fita a bar ƙungiyarsa da goma. Uku da ɗaya, saura minti 35. Nan ne Ernie Taylor, wani ɗan gajeren ɗan wasan tsakiya, ya shiga tura wa Matthews ƙwallo ba ƙaƙƙautawa, domin ya lura gefen hagu na Bolton ya raunana. A minti na 68 Matthews ya yanke mai tsaronsa ya ɗaga ƙwallo, ta kuɓuce wa mai tsaron gida, Mortensen ya tura ta raga. Saura minti ɗaya a tashi Mortensen ya buga bugun tazara kamar harsashi, aka koma 3 da 3. Cikin ƴan mintocin da alƙali ya ƙara, Matthews ya sake karɓa, ya wuce mutum, ya kai kusa da layin ƙarshe, yana zamewa ya mayar da ƙwallo baya, Bill Perry, haifaffen Afirka ta Kudu, ya zuba ta ciki. Huɗu da uku. Sarauniya da hannunta ta miƙa masa lambar da ubansa ya yi masa wasiyya da ita shekara takwas da suka wuce.

Tun daga ranar Ingilishi ke kiran wasan da sunan Matthews. A nan akwai rashin adalci, shi ma kuwa bai ɓoye ba, har ƙarshen ransa yana nuna cewa sunan Mortensen ya kamata a sa. Mortensen ya ci uku, kuma har yau babu wani da ya sake cin uku a wasan ƙarshe na wannan kofi a Wembley. Amma jama'a sun riga sun zaɓi labarin da suke so, na dattijon da ya yi ta nema har ya samu.

Kayan wannan rana su ne suka zama abin nema daga baya. Takalman da ya sa an yi gwanjonsu a Fabrairu na 2010 a kan fam 38.400. Su ma suna da tarihi. Da ya je gasar Kofin Duniya a Barazil a 1950, ya ga ƴan wasan can suna sa takalma marasa nauyi, alhali na Ingila masu kauri ne kamar na soja, suna rufe idon sawu. Ya sayo ƙafa ɗaya ya kai wa wata masana'anta ta ƙungiyar haɗin kan masu saye, ya ce a yi masa irinsu. Ba su da ƙarko, yakan kashe da yawa a shekara, amma sun ƙara masa sauri. Rigarsa ta wannan wasa tana gidan adana tarihin ƙwallo na birnin Manchester, inda kowa ke iya zuwa ya gani. Ita kuwa lambar, wani mai gabatar da shiri a talabijin, Nick Hancock, masoyin Stoke, ya saye ta fam dubu 20 a 2001, shekara 13 bayan haka ya sayar da ita ninki goma sha ɗaya.

Sai a kwatanta da abin da mai lambar ya samu. A zamaninsa hukumar wasan Ingila ta ƙayyade iyakar albashi, komai gwanintar mutum ba ya wuce ta. Ƙarshen abin da iyakar ta kai shi ne fam 20 a mako, kafin ƴan wasa su yi barazanar yajin aiki a soke ta a Janairu na 1961. In aka raba fam dubu 220 da fam 20, za a sami mako dubu 11, wato shekara sama da 200 na aiki. Gaskiya ne darajar fam ta faɗi ƙwarai tsakanin zamanin biyu, duk da haka tazarar ta isa abin tunani. Mutumin da in an ji zai yi wasa ake samun ƙarin dubban ƴan kallo, albashinsa bai fi na ƙwararren ma'aikaci da yawa ba. Shi ya sa da yawa daga ƴan wasan wancan zamani suka ƙare da sayar da abin da suka fi ƙauna. Gordon Banks da Nobby Stiles, waɗanda suka ci wa Ingila Kofin Duniya a 1966, duk sun kai lambobinsu gwanjo don su bar wa iyalansu wani abu. Dillali yana ganin haja, amma ga mai ita ranar da ta fi kowace rana a rayuwarsa ce ake yi wa farashi.

Mu koma ga tarihi. Bayan 1953 bai tsaya ba. A Mayu na 1956, yana da shekara 41, ya wahalar da Nilton Santos, babban mai tsaron bayan Barazil, Ingila ta ci 4 da 2. A ƙarshen shekarar France Football ta ƙirƙiro Ballon d'Or, ƴan jarida suka ba shi maki 47, Alfredo Di Stefano 44, Raymond Kopa na Faransa 33. Wasansa na ƙarshe a rigar Ingila ya yi shi a Mayu na 1957 da Danmak, yana da shekara 42.

Cikin wannan wata ne ya sauka Akara. Gana ba ta cika wata uku da samun mulkin kai ba, tun 6 ga Maris, kuma a lokacin dubban ƴan ƙasarmu, Hausawa da Zabarmawa, suna ci-rani a kasuwannin Akara da Kumasi. Ƙungiyar Hearts of Oak ce ta gayyace shi, ya sa rigarta ya yi mata wasanni, har da karawa da babbar kishiyarta Asante Kotoko, ƙungiyar Baba Yara, wanda shi ma gwanin gefen dama ne. Aka yafa masa zanen kente, aka zaunar da shi bisa kujerar sarauta irin tasu ta itace, aka naɗa shi Soccerhene, wato sarkin ƙwallo. Hoton wannan naɗi ya zaga duniya. Zuwan nasa ya faɗo daidai lokacin da Kwame Nkrumah ke neman mai da ƙwallo abin haɗa kan sabuwar ƙasa. Cikin wannan shekara Ohene Djan ya karɓi ragamar hukumar ƙwallon Gana, shekara shida bayan haka kuwa Gana ta ci Kofin Afirka a 1963, ta sake ci a 1965. Ba Matthews ya ci musu ba, gumin ƴaƴansu ne, amma ziyararsa tana cikin abubuwan da suka zaburar da su.

A nan ya kamata mu dubi gida, musamman ma'aikatan da ke kula da wasanni da al'adu. Mu ma mun san darajar irin waɗannan kaya. Tun da aka soma gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ba wanda bai san matsayin da sarkin kokowa ke da shi ba, kuma takobin da yake ɗagawa ya fi ƙarfen da aka ƙera shi da shi. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa tun 1959, ya ba itacen Tenere masauki bayan mota ta kaɓe shi a 1973, domin magabata sun gane abu in ya ɓace ba ya komowa. To, ƙwallonmu ma ya yi ranaku. Ran 10 ga Oktoba na 2010, a filin Janar Seyni Kunce, Musa Maazu ya jefa wa Masar ƙwallo ɗaya, alhali ita ke riƙe da Kofin Afirka sau uku a jere. Daga nan Mena, ƙarƙashin Haruna Dula, ta sami shiga gasar Afirka karo na farko a 2012, ta kuma koma a 2013. Rigunan waɗannan wasanni, da ƙwallayen, da tikitin shiga, da hotuna, da muryar ƴan wasan suna faɗin abin da suka gani, duk kayan tarihin ƙasa ne. Wurinsu gidan tarihi, da suna da kwanan wata a rubuce. Tara su yanzu ba ya cin kuɗi mai yawa, tun masu su suna raye, tun gara da ƙura ba su rigaye mu ba.

A Oktoba na 1961 Matthews ya koma Stoke, wadda ta faɗa rukuni na biyu, ƴan kallo sun guje ta. Wasan gida da aka yi kafin zuwansa mutum dubu takwas da ƴan kai suka zo. Ranar da ya fito, kusan dubu 36. Shekara biyu bayan haka Stoke ta ci rukunin ta hau na ɗaya, ƴan jarida suka sake zaɓensa gwarzon shekara yana da 48, kamar yadda suka yi a 1948. Sirrin bai wuce horon wanzami ba. Ba giya, ba taba, gudu bisa rairayin bakin teku da sassafe, abinci kaɗan, ran Litinin kuwa ba ya cin komai, ba don ibada ba, don lafiyar jiki. Yakan sa darma cikin takalmin da yake tafiya da shi zuwa fili, don in ya sa na wasa ya ji ƙafa kamar auduga. A Janairu na 1965 Sarauniya ta ba shi sarautar Sir, shi ne ɗan ƙwallo na farko da ya same ta yana cikin wasa. Ran 6 ga Fabrairu ya yi wasansa na ƙarshe da Fulham, kwana biyar bayan ya cika shekara 50. Cikin shekara 33 na sana'a, duk da shurin da ya sha, alƙalin wasa bai taɓa rubuta sunansa don gargaɗi ba, balle ya kore shi. A wasan ban kwana da aka shirya masa cikin Afrilu, Lev Yashin na Rasha da Ferenc Puskas na Hangari suka ɗauke shi bisa kafaɗa.

Shugabancin ƙungiya bai karɓe shi ba. Shekara uku da ya yi a Port Vale sun ƙare da hukunci a kan ƙungiyar saboda karya dokokin biyan ƴan wasa, ya bar aikin a 1968. Ya zauna tsibirin Malta, ya yi ta yawon koyar da yara a ƙasashe. Afirka ta Kudu ya fi zuwa, a zamanin mulkin wariyar launin fata. Akwai masu ganin zuwan kowane shahararren Bature can a lokacin taimako ne ga gwamnatin zalunci, kuma maganarsu tana da nauyi. Sai dai shi unguwannin baƙar fata ya nufa. A 1975 ya haɗa ƙungiyar samari daga Soweto ya kai su Barazil, inda suka yi atisaye da manyan ƙungiyoyi suka gana da Zico, abin da yaran ba su taɓa mafarki ba. Shi da kansa ya sake sa takalmi a wasan tsofaffi a Barazil a 1985, yana da shekara 70.

Ya rasu ran 23 ga Fabrairu na 2000, yana da shekara 85, a ƙasar haihuwarsa. Ranar jana'iza mutum wajen dubu 100 suka jeru bakin hanyoyin Stoke. Bisa al'adar wasu Turawa an ƙona gawarsa, aka binne tokar a tsakiyar filin wasan Stoke City, ƙarƙashin wurin da ake ajiye ƙwallo a soma wasa. A wajen filin an kafa mutum-mutumi uku na tagulla a jere, ɗaya yana saurayi, ɗaya yana tsakiyar ƙarfi, ɗaya yana dattijo, kowanne da ƙwallo a ƙafa.